Katakon da gara ta kasa ci

Tun ginin gidana na unguwar Zariya a Maraɗi bai kai linta ba nake cika baki cewa katako za a shimfiɗa a ƙasan falo, irin wanda nake gani a Facebook cikin gidajen Turai. Uwargida kuwa karo take so, wato tayil, kuma ba ta ɓoye ba. "Malam, ni ke shara, ni ke guga. In ƙurar hunturu ta shige tsakanin katakon nan, kai za ka bi ta da tsinke?"

Ban tanka ba, na wuce wurin masu katako. Ina sauka daga moto kafinta ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Ni da ko filin jirgin Yamai ban taɓa takawa ba. Nan na gane kuɗin ba na wasa ba ne. Ya ba ni guntun jan katako in kai gida a gani, na jingine shi a bayan ɗaki, hidimar gini ta ɗauke mini hankali. Da ruwa ya ɗauke na je ɗaukowa, sai na tarar gara ta yi masa rufi da laka tun daga ƙasa har sama. Na ɗaga, ya ruguje a hannuna, ɓawo kawai ya rage. Magini ya leƙo ya ce, "Wannan ai ɗanɗano suka yi. Kawo musu na falo gaba ɗaya, har dangi za su gayyato daga bakin Gulbi." Ya ƙara da cewa ko gara ta yafe, katako zai sha laimar Agusta ya kumbura, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya zo ya tsage shi, ga butar alwala, ga yara.

A babbar kasuwa aka raba gardama. Wani mai shago ya fito mini da karo dogaye, santi 20 a faɗi, 120 a tsawo, an zana musu jijiyoyin itace har da ɗan idon reshe. In ba ka ƙwanƙwasa ba, ka rantse daga daji aka saro su. Na zube jikkuna, aka shimfiɗa, aka cike tsakani da farin siminti. Uwargida ta samu abin gogewa, ni na samu abin nunawa, da azahar kuma in kwanta a kai sanyi na ratsa bayana.

Sai baƙi suka fara zuwa ganin gida. Duk wanda ya cire takalmi sai ya dubi ƙasa, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Gara fa?" In ciro makulli in ƙwanƙwasa, ƙal ƙal. Kawuna ya saurara da kyau ya ce lalle katakon ya bushe.

Ana haka Inna ta zo daga Tibiri. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, balle ta tsaya jin bayanina. Ta tsuguna ta shafa ƙasan da tafin hannu, ta tambayi uwargida, "Wa ya ba yaron nan wannan shawara?" Uwargida ta ce karo ne, Inna. Inna ta ce to.

Ashe wannan "to" ɗin bai ƙare ba. Washegari ina kasuwa, uwargida ta tafi gidan suna, Inna ta kunce bakin zane ta ba ɗana dala arba'in ya sayo baƙin mai a gareji. Da shi aka saba shafe azara da ƙyauren ɗaki a gidanmu, kuma gaskiya gara ba ta son shi. Ta samu tsumma, ta bi falon nan lungu-lungu, har ƙarƙashin kujeru, aikin tsakani da Allah.

Na dawo bayan la'asar rungume da kankana, na zare takalmi, na jefa ƙafar dama. "Salamu" a bakin ƙofa na faɗe ta, "alaikum" kuwa a ƙarƙashin teburin tele ta fito. Kankana ta riga ni isa bango. Na yunƙura in tashi, hannu ya tafi gabas, gwiwa ta nufi yamma, farar shaddata ta Juma'a ta koma ta bakanike.

Inna na zaune kan tabarma a tsakar gida tana jan carbi. Ta amsa sallamar cikakkiya, sannan ta ce da ɗana, "Ka gani? Babanka ma bai iya tsayuwa ba, balle gara."

Da garin sabulu da toka da ruwan zafi muka kwana, uwargida na dirza tana dariya har da hawaye. Karo ya fita tas, amma farin simintin tsakani ya sha mai ya zama baƙi ƙirin, ya ƙi komawa. Kawu da ya dawo ya ce yanzu ne katakon ya nuna kansa.

Jiya aka kawo mini saƙo daga Tibiri. Inna na gaya wa maƙwabta cewa har yau ko ƙwayar gara ba a gani a falon ba, kuma in tanadi galan guda, tana nan tafe kafin ruwan farko.