Bakano da Zinaren Cybermen

Bazazzagi: Alhaji, ka karanta littafin zanen da na ara maka?

Bakano: Na duba farashin da ke bangon baya.

Bazazzagi: Labarin nake tambaya! Assimilation² ke nan, na kamfanin IDW, 2012. Fitowa takwas, daga Mayu zuwa Disamba, inda aka haɗa shirye-shiryen talabijin biyu, Star Trek da Doctor Who. J.K. Woodward da fenti ya zana shi, shi ya sa fuskar Kyaftin Picard na Star Trek ta fito kamar hoto.

Bakano: Duk na gani. Wannan shuɗin akwatin na Dakta, nawa suke bari?

Bazazzagi: TARDIS? Jirgin ratsa zamani ne na Dakta, jarumin Doctor Who. Cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba.

Bakano: Shi nake faɗa. A ajiye min shi a Kantin Kwari. Hayar taku huɗu zan biya, in zuba dila dubu.

(Mai shagonsa ya ƙara masa haya sau biyu bana. A yi masa uzuri.)

Bazazzagi: Bari in fahimtar da kai, mu Zazzau ilimi gado ne. Borg da Cybermen, mugayen halittu rabi mutum rabi inji, suka haɗa kai suka afka wa duniyar Delta IV. Daga baya Cybermen suka ci amanar Borg.

Bakano: Haɗin gwiwa ba rubutu, ba shaidu. Ai dole.

Bazazzagi: Borg suka nemi taimako, Picard ya ƙi da farko, don sun taɓa kama shi sun mai da shi ɗayansu, mai suna Locutus. Sai da Dakta ya lallashe shi. Makamin kuwa zinare ne, garinsa ke toshe wa Cybermen na'urar numfashi ta ƙirji.

Bakano ya ajiye kofin shayi.

Bakano: Gari? Daka shi suka yi?

Bazazzagi: A barbaɗa, su shaƙa, su faɗi.

Bakano: Innalillahi! Giram nawa?

Bazazzagi: Alhaji, duniyoyi ake ceto.

Bakano: A ceto su da tagulla mana! Wa ya share wurin bayan an gama? Ko tsintsiya ba a zana ba. Na duba shafin sau uku.

Bazazzagi: Fitowa ta 3 fa, inda Dakta na huɗu, na zamanin baya, ya gamu da Kirk da Spock na tsohon Star Trek?

Bakano: Akwai zinare a nan ma?

Bazazzagi: Ba ni littafina. Lasisin Doctor Who ya bar hannun IDW ya koma kamfanin Titan a 2014, samun littafin yanzu sai a hannun 'yan gwanjo, kundi biyu, fitowa hurhuɗu.

Bakano: Wato ya yi wuya?

Bazazzagi: Ƙwarai.

Bakano ya tura littafin cikin aljihun babbar riga, ya dafe.

Bakano: To taya, Malam. Amma da dala.