Takardar kariya ba takardar saki ba ce

Wata maƙwabciyarmu yau wata takwas ke nan da mutuwar aurenta, amma har yanzu ba ta iya zuwa shagon ɗinkinta ita kaɗai. Tsohon mijin kan zo bayan Magariba ya kafe babur a bakin layi, ya zauna a kai yana danna waya. Ba ya ce mata uffan. In ta canza lamba, kwana biyu ya samo sabuwar. Ranar da na shiga gidan, da rana tsaka, na tarar ta tokare ƙofar ɗaki da turmi. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai bai taɓa ta ba, me za mu je mu ce?"

Akwai abin cewa, Inna.

Tun shekarar 2015 aka sa hannu a dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane. A Abuja ta fara aiki, daga baya jihohi suka riƙa yin tasu, Kaduna ta yi a 2018. A dokar tarayya, bibiyar mutum irin wannan laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 2, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ba sai an ga jini ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ba mu san da takardar kariya ba. Kotu na iya hana mutum zuwa gidanki ko wurin aikinki, ta hana shi aiko wani ya yi miki abin da aka hana shi. Tana iya sa a karɓe makamin da ke hannunsa, ta sa ɗan sanda ya raka ki kwaso kayanki. In alƙali ya ga hatsari a kusa, yana iya ba da umarnin wucin gadi kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Kuma takan zo da sammacin kamu a ajiye, ranar da ya karya sharaɗi ranar za a yi amfani da shi.

Na san abin da za a ce: tonon asiri, "kin kai uban 'ya'yanki kotu". To asirin wa ake rufawa in ana kwana da turmi a bayan ƙofa? Ni ma ina ganin girman sulhu, a fara da iyaye da waliyyai da mai unguwa. Amma in an zauna sau uku, sau huɗu, mutum ya yi rantsuwa ya koma gidan jiya, haƙurin da ake ba ta ya zama tura ta bakin rami. Addininmu ya ce ba cuta ba cutarwa, malamanmu na Malikiyya kuma sun ba mace damar kai ƙarar cutarwa gaban alƙali. Mai aure ma takardar nan ba ta raba aurenta, iyaka kawai take shatawa.

'Yar'uwa, kada ki goge saƙonninsa don baƙin ciki. Ajiye su. Ajiye katin asibiti, ki ɗauki hoton rauni, ki rubuta rana da lokaci. Ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam su faɗa miki yadda dokar jiharku take, don abin ba ɗaya ba ne a kowace jiha.

Maƙwabciyar tamu ta fara rubuta ranakun a bayan littafin awon ɗinkinta. Ranar Litinin ni da yayanta za mu raka ta wurin lauya.