Ruwan minti talatin da ke kwashe gonakinmu

Duk wanda ya taɓa fakewa a bakin gona lokacin ruwan shuka ya ga abin da idonsa. An kwashe kara tun kaka, dabbobi sun kalace abin da ya saura, ƙasa na nan tsirara. Sai hadari ya taso daga gabas, a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin a ɗauke, kwararon gefen gonar ya cika da jan ruwa mai kauri. Wannan jan, saman gonar ne ke tafiya, har da takin da aka sha wahalar kaiwa.

Masana na da lissafin da suke hasashen wannan asara da shi. Mafi shahara shi ne USLE, wanda Wischmeier da Smith suka fitar a Amurka a 1965. Yana duba irin ƙasar, da gangarenta, da abin da ya lulluɓe ta, da dabarun kariyar manomi. A ɓangaren ruwan sama kuwa, abin da yake nema shi ne ƙarfin zubowar, musamman minti talatin mafi tsanani a kowane ruwa.

Nan damuwata take. Ma'aunin ruwan sama da ake leƙawa sau ɗaya kowace safiya jimla kawai yake bayarwa. Milimita 40 na yayyafin da ya kwana yana sauka, da milimita 40 da suka zubo cikin rabin awa, duk ɗaya ne a littafin ma'aikaci, alhali na farko ƙasa ta shanye shi, na biyun ya haƙa kwazazzabo. In aka ɗura wa kwamfuta irin waɗannan alƙaluma, taswirar zaizayar ƙasa mai kyan launi za ta fito, amma ba zan dogara da ita wajen kashe kuɗin jama'a ba. Tauraron ɗan'adam na taimakawa, sai dai gajeren ruwa mai ƙarfi kan kuɓuce masa.

Ƙasar da ta bar gonakin kudancin Kano ba ɓacewa take yi ba. Tana kwantawa a dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, da na Challawa na 1992, wata kuma ta gangara fadamun Haɗeja da Nguru, inda laka da kachala ke toshe hanyoyin ruwa.

Don haka ina roƙon NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su baza ma'aunai masu rubuta ruwa minti-minti a kwarin nan, su kuma riƙa ɗibar ruwan kogi bayan kowane mamako ana auna lakar da ke cikinsa.