Kada ihun 'yan kallo ya sa a rabu da ɗan wasan baya

A wasan hoki na ƙanƙara babu wanda ake saurin ganin laifinsa kamar ɗan wasan baya. Ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar a manta, amma na baya ya yi sakaci sau ɗaya a zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, sai talabijin ta yi ta maimaita hoton har kowa ya haddace. Daga nan magoya baya su fara cewa a rabu da shi a huta. A ganina, ƙungiyar da ta biye wa wannan kira galibi ita ke tafka asara.

A dubi abin da ya faru da Larry Murphy. Ɗan Toronto ne, ya ci Kofin Stanley, babban kofin gasar NHL ta Amurka da Kanada, sau biyu da ƙungiyar Pittsburgh a 1991 da 1992, amma da ya dawo yi wa Maple Leafs ta garinsu wasa, sai 'yan kallo suka tasa shi gaba. Da zarar ya taɓa ƙwallo sai ihu ya kaure, a filin gidansu. Suna cewa ya tsufa, ba shi da gudu, ga albashi mai tsoka. A watan Maris na 1997 shugabannin ƙungiyar suka miƙa shi ga Detroit Red Wings kusan a kyauta, yana da shekara 36. Koci Scotty Bowman, wanda ya san shi tun a Pittsburgh, ya haɗa shi da gwanin ɗan wasan baya Nicklas Lidström. Cikin watanni uku Detroit ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1955, ta sake ɗauka a 1998, da Murphy a sahun gaba na masu tsaronta.

Gudunsa bai ƙaru ba don ya sauya riga. 'Yan baya bibbiyu suke shiga fili, kuma aikin ɗaya ya rataya ne a kan na ɗayan. Mai kaifin ido wajen miƙa ƙwallo amma marar sauri yana bukatar abokin da zai rufe masa baya. Toronto ba ta samar masa ba, sai ta ɗora masa laifin raunin ƙungiya gaba ɗaya.

Haka Justin Schultz. Edmonton Oilers ta ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, da ya gaza sai ta ba Pittsburgh shi a Fabrairun 2016, a madadin damar zaɓen matashi ɗaya a zagaye na uku na rabon sababbin 'yan wasa da gasar ke yi duk shekara. (A gasar NHL musaya ake yi, ba ciniki da tsabar kuɗi kamar na ƙwallon ƙafa ba.) Pittsburgh ta rage masa mintuna, ta bar shi ya yi abin da ya iya. Ya ci kofi a 2016 da 2017, kuma a kakar ta biyu ya tara maki 51, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. Duk wanda ya kai rago kasuwa ranar da ya fi rama ya san kuɗin da za a taya masa.

Na yarda akwai lokacin da rabuwa ta zama dole. Tun 2005 gasar ta ƙayyade adadin albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya, don haka ɗan wasa ɗaya mai doguwar kwantiragi zai iya hana a ɗauko wasu biyu. Abin da ya sa Vancouver ta soke kwantiragin ɗan wasan bayanta Oliver Ekman-Larsson a 2023 ke nan, kuma lissafin kuɗin yana da hujja. Sai dai shi ma da Florida ta ɗauke shi da ƙaramin albashi, ta ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ya ɗaga kofi a 2024.

Saboda haka kafin manaja ya ɗaga waya neman mai karɓa, ya fara sauya wa ɗan wasan abokin tsaro, ya daina tura shi gaban manyan 'yan gaban abokan hamayya, ya kuma tabbatar ba wani rauni yake ɓoyewa ba. In an yi duk wannan na tsawon watanni abin bai gyaru ba, to a yi musayar bayan an kammala kaka, lokacin da sauran ƙungiyoyi ke da sararin albashi kuma ba su ga alamar gaggawa a wurin mai bayarwa ba.