Liyafar manyan hafsoshi: a nuna mana lissafi

A bariki na tashi a Kaduna, mahaifina saje ne. Ranar da za a yi dina a mes ɗin hafsoshi, wato gidan cin abincinsu da shaƙatawa, tun da hantsi ake sauke kaji da katan-katan na lemo, mu yara muna leƙe ta jikin waya. Baba kuwa yana gadin ƙofa har tsakar dare, ya dawo Inna ta ɗumama masa tuwon jiya. Bai taɓa ƙorafi ba. Ni ce abin ya tsaya wa a rai har yau da nake zaune a Ingila.

Kada a ce ina ƙin a karrama baƙo. Garin da ke da NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, tun 1964, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya, ga kwalejin Jaji da hafsoshin wasu ƙasashe ke zuwa kwas, ba zai rasa baƙi ba. Kwamanda ya zauna da sarakuna da malamai a kan matsalar Birnin Gwari, ai ba za a sallame su da ruwan leda ba. Wata maganar ma sai an ci an sha take fitowa.

Nan Ingila ma janar-janar suna liyafa, da kakinsu na ado da 'yan badujala. Amma hafsa yana biyan kuɗin mes daga aljihunsa, abin da aka kashe daga baitulmali kuma ɗan jarida na iya nema a rubuce ƙarƙashin dokar samun bayanai ta 2000. Jaridu kan buga, mutane su yi ta surutu, kuma tsoron surutun nan kaɗai yana rage almubazzaranci.

Mu ma a Najeriya muna da irin dokar tun 2011. Sai dai da ka tambaya, a toshe maka baki da "sirrin tsaro". Wane sirri ne a cikin kuɗin shinkafa da haya rumfa? Na yarda a ɓoye inda aka girke dakaru, ban yarda a ɓoye kuɗin dina ba.

A 2021 'yan bindiga suka shiga NDA a Afaka suka kashe hafsoshi 2. A 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A irin wannan hali, sojan da ke kwana a daji yana jiran alawus ɗinsa, da matarsa da ke cin bashi a kasuwar mami, sun cancanci su san nawa dinar oga ta ci, kuma su wa aka gayyata.