Washegarin ƴanci: inda marubutan almara ke tuntuɓe

Masu karatun labaran almara na matsafa da dodanni sun daɗe suna gardama: in marubuci ya saka bauta a duniyar da ya ƙaga, dole ne ya rushe ta kafin labari ya ƙare? A ganina ba dole ba ne. Zalunci kan fi jarumi tsawon rai. Abin da ba a yafe wa marubuci shi ne ya sa bawa ya gode wa sarƙarsa.

A nan J.K. Rowling ta yi tuntuɓe a Harry Potter. Ƙananan halittun da ke wa matsafa bauta ba sa samun ƴanci sai ubangida ya miƙa musu tufafi. Da safa ɗaya Dobby, ɗaya daga cikinsu, ya kuɓuta. A littafi na huɗu, na shekarar 2000, an yi masa tayin albashin tsabar zinariya 10 a mako, ya ce ta yi yawa, ya karɓi 1 da hutun kwana ɗaya a wata. Winky kuwa, wata baiwa irinsa, da aka sallame ta sai ta faɗa shaye-shaye. Hermione, ƙawar Harry, wadda ta tashi neman haƙƙinsu, ta zama abin dariya. Kowace hujja a labarin ta goyi bayan ubangida, kuma wannan zance na “ai su ma sun fi son haka” masu bayi a gandun rake da auduga sun riga ta faɗa. Har yaƙi ya ƙare a littafin 2007, Harry na tunanin ko bawansa Kreacher zai kawo masa abin taɓawa.

George R.R. Martin, a jerin littattafansa A Song of Ice and Fire, ya fi ta sanin aikin. Sarauniya Daenerys ta ƴanta bayin birnin Astapor, ta naɗa majalisar mutum 3, ta wuce. Wani mahauci ya kifar da su. Yunkai, wani birnin da ta ƴanta bayinsa, ta koma cinikin bayi. A birnin Meereen iyayengiji sun ƙone gonakin zaitun, wasu mutanen garin har suka roƙi a bar su su sayar da kansu, ita kuma ta yarda, ta karɓi ushiri. Laifin Martin ɗaya: kusan komai da idon mai ceto muke gani.

Tarihi na tare da shi. Dokar Birtaniya ta 1833 ta ware fam miliyan 20 na diyya ga masu bayi, bayin ko sisi, kuma suka ci gaba da aikin tilas har 1838. A Arewacin Najeriya dokar Lugga ta ƴanta ƴaƴan da aka haifa bayan Maris 1901, iyayensu kuwa da yawa sai da suka yi ta biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangida don ya yi wa kansa aiki, suna tara kuɗin fansar kai, ba a gama soke bauta ba sai 1936.

Don haka mai rubuta irin wannan labari ya amsa wa kansa tun kafin babin fasa sarƙa: gonar wa ƴantacce zai noma, wa ke riƙe da rumbu har kaka, wane alƙali zai saurari ƙararsa, kuma wa zai ba ɗansa aure?