Ku Daina Tsallake Wurin Mahaifin Tanjiro

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda muka zauna kallon Demon Slayer, shirin katun na Japan, a waya ni da ƙanena, da zarar labari ya koma baya sai ya sa yatsa ya ja gaba, wai shi faɗa yake son gani. Jiya ma haka ya yi a kashi na 19, daidai lokacin da Tanjiro, jarumin shirin, ke riƙe da karyayyen takobi a Dutsen Natagumo, aljanin nan Rui na shirin gamawa da shi. Ya tsallake, ya ga wuta ta tashi, sannan ya juyo yana ce mini, "Yaya, ai wannan ƙarya ce, ina ya samo ƙarfin?"

A wurin da ka tsallake mana! Mahaifin yaron, Tanjuro, mai sana'ar gawayi ne, ramamme, ciwo ya cinye shi. Amma duk sabuwar shekara sai ya fita cikin dusar ƙanƙara ya yi rawar Hinokami Kagura tun faɗuwar rana har wayewar gari ba tare da ya gaji ba, don ya san sirrin numfashi. Gadon da ya bar wa ɗansa ke nan, rawar da 'yan kunne, tare da wasiyyar kada a bari su yanke. Yaro ya ga mutuwa ido da ido, ya tuna ubansa, ya mayar da rawar ta zama saran takobi.

Wurin nan ya sa ni ƙwalla tun a 2019. Shi ya sa na karɓe wayar, na mayar da ita baya, na ce ya zauna ya kalla.